Tambaya da Amsa: Mai I'ina Zai Iya Aikin Rediyo?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne daga wani ƙauye kusa da Ringim. Na gama sakandare, kuma tun ina yaro ba ni da buri sai aikin rediyo. Matsalata ina i'ina, abokaina suna cewa in haƙura in kama sana'a. Shin akwai wuri na a wannan aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Akwai, kuma wurin nan shi na zauna har na yi ritaya ba tare da masu sauraro sun san muryata ba. Abokanka mai gabatarwa kawai suke ji. Bayansa akwai furodusa, wanda yake zaɓo batu, ya nemo baƙo, ya tsara tambayoyi, ya tace sauti, ya tsaya da agogo a hannu. A talabijin ma haka ne, sai dai a ƙara masa ɗawainiyar kyamara da fitila. Idan shiri ya yi daɗi a yabi mai murya, idan ya lalace furodusa manaja zai kira. Ka san da wannan tun yanzu.

Zamanka a ƙauye jari ne. Halilu Ahmed Getso daga ƙasar Gwarzo ya fito, ya yi suna a Rediyon Tarayya na Kaduna. Yaran birni da yawa da na horar ba su san lokacin da ake yi wa gero huɗa ba, kai kuwa ka sani. Ka ɗauki wayarka ranar Alhamis ka tafi kasuwar Maigatari, ka zauna da dillalan shanu su faɗa maka abin da ya tayar da farashi. Ka gangara wajen Haɗeja ka ji yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa, da ɓarnar da jan baki ke yi wa manoman shinkafa. Ka yi tambaya gajera, ka bar mutum ya yi magana. Na lura masu i'ina sun fi mu haƙurin sauraro. Mu da reza muke yanka tef muna liƙawa, kai manhajar waya ta ishe ka haɗa shirin minti biyar.

Idan ka tara uku masu kyau, ka kai Rediyon Jigawa ko Freedom da ke Dutse, ka roƙi a bar ka ka koyi aiki. Kada ka saki karatu: Jami'ar Bayero tana koyar da aikin jarida, akwai kuma kwalejin talabijin ta NTA a Jos.

Albashin ba shi da kauri, ba zan ɓoye maka ba. Za ka ga ɗan siyasa ya miƙo ambulan wai kuɗin mota ne. Ranar da ka karɓa, shi zai riƙa zaɓar abin da za ka yanke daga hirar. Ka riƙe gonarku da damina don kada yunwa ta sa ka miƙa hannu. Shirin farko da ka haɗa kuma ka aiko mini ta ofishin mujalla, zan saurara in gaya maka inda za ka gyara.