Pano ko gurup? Amsa ga mai sayar da ƙanƙara a Damagaram

Wata Hajiya daga unguwar Zango ta aiko: "Ina sayar da ƙanƙara da zoɓo kusa da Kasuwar Dole. Da bazara ta kama sai kuran ya riƙa ɗaukewa, kaya su narke. Na kwashi adashe, in sayi gurup ne ko in kafa sola? Na kuma ji ana batun wutar iska."

Hajiya, ta iska ki bar wa masu manyan jari. Aiki ne irin na gaɓar tafkin Turkana a Kenya, mai megawat 310. Rana ce rabonmu.

Tsakanin 2010 da 2020 farashin pano, wato allon sola, ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, galibi saboda masana'antun Sin. Nijar ma ta kafa tashar sola ta Malbaza a 2018, sannan ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023, shekarar da Najeriya ta yanke mana wuta kowa ya ji a jikinsa.

Amma inda kuɗinki zai tafi, batir ne. Pano mai kyau yakan haura shekara 20 yana aiki, batir na gargajiya kuwa zafinmu yakan cinye shi cikin shekara biyu zuwa uku. Na litiyam ya fi daɗewa, sai dai tsada. Sa'arki ɗaya, ƙanƙara kanta ajiyar sanyi ce. Ki ƙara pano, ki rage batir, firigo ya daskarar da kaya daga hantsi zuwa la'asar, da dare a rufe shi ruf. Yaran gida ne matsalar, buɗe-rufe ba ya ƙare musu.

Kafin ki ba da ko dala, ki yi wata guda kina rubuta abin da ke narkewa, ki haɗa da kuɗin esansin da gurup zai sha. A ce jika 40 ne a wata, kayan sola kuma jika 800: wata 20 kenan uwar kuɗi ta dawo. In lissafi ya wuce shekara uku, dakata, don lokacin ne batir zai nemi canji. Ki tuna kuma ciniki yana kwanciya da sanyi.

Gurup arha ne ranar saye, amma kullum sai ya ci, ga kuɗin makaniki.

In kin yanke shawara, mai haɗawa ya rubuta miki garanti a takarda, kuma ki riƙe wani abu cikin kuɗin aikinsa sai firigo ya yi mako yana daskarewa. Da hunturu a riƙa share ƙurar pano da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi.