Masarata ta bushe, yaya zan yi da zuciyata?

Ɗan'uwa, ka ce ruwa ya ɗauke bayan ka shuka masara a wajen Shika, ta bushe, yanzu ko gonar ba ka son gani. Allah ya mayar da alheri. Ni ma na taɓa kwana uku ban iya cin tuwo ba saboda haka.

Amma damina ba ta ƙare ba. A yankinmu na Zazzau ana shuka wake har cikin Agusta, akwai iri mai nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki. Ka je cibiyar binciken noma ta Samaru, ka nemi irin waken da suke kira SAMPEA. Takin da ya rage ka adana shi, wake ba ya cin taki kamar masara. Kuɗin feshi kawai za ka tanada, don ƙwari ba sa raga masa.