Filin Tambaya da Amsa: Shin gudun haske yana canzawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A aji an ce mana gudun haske ba ya canzawa, a darasi na gaba kuma aka ce yana raguwa cikin ruwa. Wanne za mu ɗauka? Daga wata ɗalibar sakandare a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Duka biyun gaskiya ne, sharaɗi ɗaya aka tsallake muku. Gudun da ba ya canzawa shi ne na haske a sararin da babu komai, ko iska ma babu: mita 299,792,458 a sakan ɗaya. Cikin ruwa yana komawa kusan kilomita 225,000 a sakan, cikin gilashi wajen 200,000.

Za ki iya gani da idonki. Cika kofin gilashi da ruwa zuwa rabi, ki jingina cokali a ciki, ki duba ta gefe. Cokalin zai zama kamar ya karye daidai bakin ruwan, saboda haske yana karkata a inda gudunsa ya sauya. Kada ki tsayar da cokalin cak a tsakiyar kofin, karyewar ba za ta fito sosai ba. Kawalwalniyar da ake hangowa a kan titin Daura zuwa Katsina da rana a bazara ma haka take. Iskar da ke daf da kwalta ta fi zafi, ta fi sauƙi, haske ya ɗan fi gudu a cikinta, sai hasken sama ya lanƙwaso zuwa ido. Sama ce ake gani, ake zaton ruwa.

Inda ɗalibai ke yawan kuskure shi ne tara gudu. Idan mota na tafiya ta kunna fitila, gudun motar ba ya ƙaruwa a kan na hasken. A 1887 wasu masana kimiyya biyu, Michelson da Morley, suka gwada wannan a Amurka. Duniya na kewaya rana da gudun kusan kilomita 30 a sakan, suka raba haske gida biyu, ɗaya ya bi hanyar tafiyarta, ɗaya ya gitta, amma bambancin da suke tsammani bai fito ba. A kan rashin canjin gudun hasken nan masanin kimiyya Einstein ya gina nazarinsa a 1905.

Tun 1983 ma da gudun haske ake ƙayyade tsawon mita. Wanda ya auna a sararin da babu komai ya samu wani adadi daban, na'urarsa zai koma ya duba.