Tambayi Likita: Allurar Masu Juna Biyu a Ingila, Shigar da Ita a Fayil, da Kuɗin da Ake Biyan Asibiti

Tambayoyin wannan makon daga 'yan'uwanmu mazauna Ingila suka fito, inda GP ke nufin likitan unguwa da iyali ke rajista da shi. Ƙa'idojin biyan kuɗi da zan ambata na Ingila ne kawai, domin Sikotland da Wales kowace da nata tsarin.

Likita, cikina wata shida. Ungozoma ta yi mini allurar tarin shiƙa a asibiti ranar da aka yi mini hoton ciki, amma har yau asibitin GP ɗinmu na turo mini saƙo wai in zo rigakafi. In koma a sake yi ne? — Wata baiwar Allah daga Leeds

'Yar'uwa, kada ki sake. Sau ɗaya ake yin ta a kowane ciki. Amma kafin ki share saƙon, ki duba wace allura yake nufi, don uku ne ake yi wa mai ciki: ta tarin shiƙa, wadda ake iya farawa daga mako 16 kuma an fi so a yi ta kafin mako 32, ta RSV, ƙwayar cutar da ke jawo wa jarirai ciwon huhu, daga mako 28, sai ta mura mai tsanani idan lokacin sanyi ya gabato, ita kuwa ko cikin wata nawa ne. A wata shida kina dab da lokacin ta RSV, mai yiwuwa ita ake kiranki.

In kuwa ta tarin shiƙar ce, to labari ne bai isa ba. Ungozomomi suna rubutu a manhajar sashen haihuwa, wasu asibitocin BadgerNet suke amfani da ita, mu kuma a GP muna kan manhajar EMIS ko SystmOne. Ba kullum abin da aka rubuta can yake faɗowa nan da kansa ba. Ki nemo ranar da aka yi allurar da sunanta a bayanan awonki, ki kai wa masu karɓar baƙi, ki ce a shigar da ita a matsayin wadda aka yi a wani wuri. Bayan 'yan kwanaki ki leƙa NHS App, manhajar hukumar lafiya ta waya, ki gani ko ta fito.

Likita, ban daɗe da fara aiki a ofishin wani asibitin GP ba. An ɗora mini duba alluran masu ciki kafin mu nemi kuɗinsu. A watan jiya nas ta ce ta yi wa mata tara ta tarin shiƙa, CQRS kuma, tsarin kwamfuta na lissafin kuɗin asibiti, shida ya nuna. Ina sauran suka shiga? — Wani matashi daga Birmingham

Ƙanena, barka da samun aiki, Allah ya sa albarka. Kada ka danna amincewa da shidan nan tukuna, kuma kada ka ɗauki taran a matsayin gaskiya don nas ce ta faɗa. Ko wanne yana iya zama kuskure.

Ka fara gane yadda kuɗin ke tafiya. Nas ta yi allura, ta shigar da ita da lambar SNOMED, wato lambar da kwamfuta ke gane kowane aikin lafiya da ita. CQRS ne ke lissafa abin da asibiti ya cancanta a wata: wasu ayyukan wani tsarin kwamfuta mai suna GPES ke zaƙulo adadinsu daga fayilolin marasa lafiya, wasu kuma da hannu ake shigarwa, don haka ka tabbatar da yadda kowace allura take a bana. Asibiti ya amince da adadin, ICB, hukumar lafiya ta yankinku, ta sa hannu, sannan kuɗi ya fito ta PCSE, ofishin da ke tura wa asibitocin GP kuɗinsu. Na'ura ba ta karanta labari. Nas ta rubuta da kalmominta cewa ta yi wa Hajiya allura a hannun hagu ba tare da ta zaɓi lamba ba, a wurin na'ura ba a yi komai ba.

Abin da za ka yi shi ne ka ajiye lissafi uku gefe da gefe. Na farko, littafin ganin nas na watan. Na biyu, binciken da za ka yi a EMIS ko SystmOne na duk macen da ta wuce shekarun rigakafin yara aka kuma yi mata allura mai ɗauke da maganin tarin shiƙa a watan, kowace lamba aka sa mata. Na uku, rajistar firij: kwalabe nawa suka shigo ta ImmForm (shafin da ake odar maganin rigakafi daga gwamnati), nawa suka rage, nawa suka lalace. Firij ba ya mantuwa. Kwalabe tara suka fita, shida aka rubuta, to uku na nan a ɓoye, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Inda suka fi maƙalewa sananne ne. Kafin watan Yulin 2024 Boostrix-IPV ake yi wa masu ciki, wadda ita ce dai a lokacin ake yi wa yara 'yan shekara uku da wata huɗu, shi ya sa ake yawan zaɓar lambar yara ga babbar mace. Daga lokacin aka koma Adacel, wadda babu maganin shan-inna a ciki, amma akwai asibitocin da fom ɗinsu na kwamfuta bai bar tsohon suna ba. Sai kuma kwanan wata: an yi allura ranar 30, an shigar da ita ranar 2 ga sabon wata ba a gyara ranar ba, ta faɗa watan da ba nata ba. Akwai kuma macen da ba a sa wa fayil ɗinta lambar tana da ciki ba, domin da yawa yanzu kai tsaye suke zuwa wajen ungozoma ba tare da sun ga GP ba. Wannan ya fi cizo a allurar mura, inda cikin ne hujjar cancantarta. Ka kuma duba ko asibitinku ya karɓi tayin aikin a CQRS na wannan shekarar tun farko.

Ɗaya ɓangaren shi ya fi tayar mini da hankali. Takarda ta zo daga sashen haihuwa cewa an yi wa mace allura, mai shigar da takardu ya sa lambar da ke nuna ku kuka yi, kuɗi ya shigo. Wannan kuɗin ba naku ba ne. Akwai lambobi na musamman na allurar da wani ma'aikacin lafiya ya yi a wani wuri, su ake sawa. Ana bin diddigi bayan biya, ICB ko NHSBSA, hukumar da ke binciken kuɗaɗen da aka biya, na iya neman hujja, kuma abin da aka karɓa ba bisa ƙa'ida ba sai an mayar. In ka tarar an yi haka a baya, ka gaya wa manaja a rubuce. Asibitin da ya kai kansa ya fi mutunci a kan wanda aka kama.

Gyaran fayil kuwa ba aikinka ba ne kai kaɗai. Kai ka nemo, nas ɗin da ta yi allurar ta tabbatar, a gyara da ainihin ranar da aka yi, tare da lambar rukunin maganin, ranar ƙarewarsa, da hannun da aka yi. In an riga an kwashe adadin watan, a rubuta wa ICB a nemi su daidaita. Wata shida ne wa'adin neman kuɗi daga ranar allura, saboda haka duk wata za ka riƙa wannan aikin, kada ka tara sai Maris, ƙarshen shekarar kuɗi.

Likita, na ji ana biyan GP kuɗi a kan kowace allura. Ashe shi ya sa suka matsa wa iyalina? — Wani magidanci daga Manchesta

Malam, gaskiya ne ana biya, ba abin ɓoyo ba ne. Kuɗin da ake bayarwa a shekarar 2024 shi ne fam 10.06 a kan allura ɗaya, kuma asibiti yake shiga, ba aljihun likita ba. A ciki za a biya lokacin nas, firij, da mai tura saƙonni. Maganin tarin shiƙa da na RSV gwamnati ce ke saya ta raba, babu wata riba a kwalbar. Idan maiɗakinka ta yi a wajen ungozoma, GP ba ya samun ko kwabo, kuma duk da haka zai ce ta yi.

Dalilin matsin shi ne wannan. A 2012 tarin shiƙa ya ɓarke, jarirai 14 suka rasu a Ingila da Wales, a watan Oktoban shekarar aka fara yi wa masu ciki rigakafin. Jariri ba ya samun tasa allurar sai ya kai mako 8, kuma a waɗannan makonnin ne cutar ta fi kisa. Wani jaririn ma ba ya tari sosai, numfashi ne ke ɗaukewa, leɓe ya yi shuɗi. Garkuwar da uwa ta samu tana ratsa mabiyiya ta shiga jikinsa tun yana ciki, tana ba shi kariya kusan kashi 90 cikin ɗari. Cutar ba ta tafi ba: a 2024 an tabbatar da mutum sama da 14,000 sun kamu a Ingila, an kuma sake rasa jarirai. Ta RSV, da aka fara ranar 1 ga Satumbar 2024, tana rage mummunan ciwon huhun da ke cika gadajen yara a lokacin sanyi da kusan kashi 70 a watanni shidan farko. Ba dole ba ne, tana da ikon ta ce a'a. Ni dai da ƙanwata ce, zan ce ta yi.

Likita, daga Kano na zo da ciki wata bakwai, an yi mini allura a wajen awo kafin in taso. Ta wadatar? — Wata amarya daga Landan

Sannu da zuwa. Wadda ake yi a awo a gida ita ce Td, ta sarƙewar haƙora da mashaƙo, babu tarin shiƙa a cikinta. Kina buƙatar ta nan. Ki tafi da katin awonki, domin ana so a bar mako huɗu tsakanin waccan da wannan, kuma a shigar da ta Kano a fayil da ranarta. Tunda kin kai mako 28, ki tambayi ta RSV ma. In lokaci ya ƙure ana iya haɗa ta tarin shiƙa da ta RSV rana ɗaya. Rajista da GP kyauta ce, ba a hana mutum don ba shi da shaidar adireshi ko takardar zama.

Likita, na yi ɓari wata biyu da suka wuce, amma saƙon kiran masu ciki rigakafi bai daina shigo mini ba. Duk sanda ya shigo sai na yi kuka. — Wata 'yar'uwa

Allah ya ba ki haƙuri, ya mayar miki da alheri. Laifin daga ɓangarenmu yake. An buɗe ciki a fayil ɗinki ba a rufe ba, ko dai takardar asibiti ba ta iso ba, ko ta iso an ajiye ta ba a sa lamba ba, na'ura kuma tana ta ƙirga makonni. Ba sai kin tsaya a gaban tebur kina bayani cikin mutane ba. Ki rubuta ta fom ɗin intanet na asibitin, ko maigidanki ya kai takarda da sa hannunki, a ce a rubuta ƙarshen cikin da ranarsa, a cire sunanki daga jerin kira. Ki nemi a sanar da sashen ungozomomi su ma, don nasu jerin daban ne. Ina kuma so ki nemi ganin likita, a duba jininki in kin zubar da yawa, ki faɗa masa yadda barcinki da cin abincinki suke tun daga lokacin.

Kai kuma ƙanena na Birmingham, kafin ka tura saƙon kira ga jerin masu ciki, ka ba nas ko likita ya bi sunayen da ido tukuna.