Tsotson yatsa: ɗiyata ta kai shekara 5, haƙoranta sun fara turowa

Tambaya: Likita, ɗiyata shekararta 5, har yanzu ba ta barci sai da babban yatsa a baki. Haƙoranta na sama sun turo gaba, in ta rufe baki na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa. Surukata ta ce haƙoran nono ne, in ta yi famfara za su gyaru. In ƙyale ta? Wata uwa daga unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, kada ki ƙyale. Tsotso a wurin jariri ba laifi ba ne, yawancin yara suna bari da kansu tsakanin shekara 2 zuwa 4. Amma taki ta wuce nan, kuma wajen shekara 6 haƙoran gaba na dindindin suke fara fitowa.

Maganar nan ta "za su zube ai" kullum sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya, kuma ta cuci yara da yawa. Haƙorin zai zube, gaskiya ne, amma ƙashin da yake zaune a ciki ba ya zubewa. Yatsa yana danna ganɗa sama, kumatu suna matse muƙamuƙin sama ta gefe biyu, harshe ya koma ƙasa ya bar wurinsa. Ƙashin yaro yana kan girma, sai ya bi siffar da aka ba shi: ganɗa ta zurfafa ta ƙuntace, haƙoran sama su yi gaba, na ƙasa su kwanta ciki. Sabon haƙori a wannan gurbin zai fito. Wasu har cewa suke wushirya ce, ado ne. Wane ado, yarinya ba ta iya gatsar rake, harafin "s" yana kuɓuce mata?

In ta bari yanzu, sau da yawa ratar tana rufewa da kanta. In aka kai shekara 8 ko 9, sau da yawa sai dai likita ya ɗaura waya a haƙori don daidaita su, aikin shekaru da kuɗi masu yawa. Kuma don Allah a guji masu ɗaura waya a kasuwa, girgiza haƙori kawai suke yi.

Ban da barkono a yatsa, ido za ta murza da shi. Ban da duka, tsoro ƙara tsotson yake yi. Ki yabe ta ranar da ta bari, da dare ki sa mata safa a hannu da yardarta, kuma ki kawo ta likitan haƙori ya duba ganɗar cikin watan nan.