Tambayoyinku: Yaron da ya yi shiru a aji, da makarantar da yaƙi ya ratsa

Wasiƙun wannan fitowa uku ne, dukkansu daga Sudan, inda yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe makarantu, har hukumar UNICEF ta ce a watan Oktoban shekarar yara kimanin miliyan 19 ba sa zuwa aji. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne a Mai Wurno. Ɗana mai shekara takwas sai bana ya shiga aji ɗaya. A gida bakinsa ba ya hutawa, amma ustaz ya ce a aji ko sunansa aka kira sai ya sunkuyar da kai, kuma ya shawarce mu da mu daina yi masa "ruɗana" a gida, mu koma Larabci zalla. Kakarsa kuwa Hausa kaɗai take yi da shi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ustaz ya ga ciwon, amma maganin da ya rubuta ba zai warkar ba, kuma ba na ba ka shawarar ka sha shi. Ita kanta kalmar ruɗana, wadda ake jifan duk harshen da ba Larabci ba da ita, ba ta dace da harshen da mutanen garinku suka ɗauko tun daga Burmi ta arewacin Nijeriya bayan yaƙin 1903 da Turawa, suka riƙe shi a bakin Shuɗin Nilu fiye da shekara ɗari ba. Tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ma ya kira dukkan harsunan ƙasar harsunan ƙasa da ya wajaba a mutunta.

Ka duba nauyin da ke kan yaron. Hausa yake ji a ɗaki, darija, wato Larabcin yau da kullum, yake ji a kasuwa da filin wasa, sannan littafin makaranta ya zo masa da fusha, wato daidaitaccen Larabcin rubutu, wadda ko ɗan da aka haifa cikin Larabci sai ya koye ta. Shirun da yake yi na mai saurare ne da ke tsoron kada ya buɗe baki a yi masa dariya, kuma a yawancin yara yakan wuce bayan 'yan watanni idan ba a tsananta musu ba. Idan kuka yanke masa Hausa a gida, za ku raba shi da harshen da yake tunani da shi, ku musanya masa da Larabcin da wataƙila ku kanku ba ku iya ba shi tatsuniya ko dogon bayani da shi. An gwada wannan lamari a Ile-Ife ta Nijeriya tun daga 1970, ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, aka bar Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin.

Bahaushe kuwa yana da gata wajen koyon Larabci, sai dai ba kasafai ake nuna wa yaro gatan ba. Littafi, alƙalami, allo, darasi, lissafi, labari, duk daga Larabci suka shigo bakinmu. Muna bambanta kai da ke kamar yadda Larabawa suke bambanta anta da anti, har "littafinka" da "littafinki" suka yi daidai da kitabuka da kitabuki. Ka zauna da shi bayan magariba ku riƙa farautar irin waɗannan kalmomi, zai gane cewa ba baƙon gida ya shiga ba. Inda zai yi tuntuɓe ma sananne ne: hannu da ido da kunne maza ne a wurinmu amma mata ne a Larabci, ƙofa da kujera kuma akasin haka, sannan Hausa ba ta da sigar musanna ta abu biyu. Haruffan makogwaro kamar ainun da ha mai kauri sukan ba shi wahala a imla, kuma a nan yaron da ya taɓa zaman halwa, wato makarantar allo, gaban faki yakan fi sauran. Ka roƙi ustaz cikin ladabi ya zaunar da shi kusa da yaro mai jin harsunan biyu, ya kuma fara da tambayoyin da amsarsu kalma ɗaya ce. Idan aka yi rabin shekara babu canji, a kai shi a duba kunnensa. Kakarsa kuwa a bar ta ta ci gaba da gatanan gatananku.

Tambaya: Malam, ni ustaza ce a wata makarantar 'yan mata a Wad Madani. An buɗe mana, amma ginin ya taɓa zama sansanin masu bindiga, kuma shekaranjiya wata ɗaliba ta shigo aji riƙe da wani ƙarfe da ta tsinta bayan banɗaki. Mudira, wato shugabar makarantar, ta ce mu share harabar mu ƙone ciyawar.

Amsa: Malama, don Allah kada a cinna wannan wuta, kuma kada a sa yara shara. Garin ya fita daga hannun soja a Disambar 2023, bai dawo ba sai Janairun 2025, kuma duk ginin da mayaƙa suka zauna a wannan tsakani ana ɗaukarsa mai haɗari har sai masana sun bincike shi. Dana, wato harsashin igwa, da aka harba ba ta fashe ba tana iya tashi da zafin wuta, ko bugun fartanya, ko jifan dutse, kuma tsatsa ba ta kashe ta, ƙara mata saurin tashi take yi. Ku rubuta wa ofishin ilimi da 'yan sanda ku nemi a turo injiniyoyin soja ko ma'aikatan Cibiyar Kawar da Nakiyoyi ta Ƙasa, ku riƙe kwafin takardar. Kafin su zo, a killace ɓangaren da igiya daga nesa, a taƙaita zirga-zirga ga hanyoyin da aka saba bi.

A taburin safe, wato layin da ɗalibai ke yi kafin shiga aji, kullum a maimaita wa ɗalibai, da Larabci da Hausa da duk harshen da suke ji, cewa abin da ba a sani ba ba a taɓa shi, ana komawa ne ta sawun da aka zo a gaya wa babba. Yarinyar da ta kawo ƙarfen kada a dake ta, domin idan aka dake ta, ta gaba za ta ɓoye nata a jaka. A kuma ja kunnen iyaye game da yaran da ke tsintar ƙarafa suna sayar wa 'yan gwangwan. Sannan a duba tulunan ruwa da banɗakuna, tunda kwalarar da aka sanar da ɓullarta a Agustan 2024 ta bi jihohi da dama.

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 13 ya yi kaka biyu yana aikin yankan riɗi a nan Gadarif lokacin da makarantu ke rufe. Yanzu an mayar da shi aji biyar cikin ƙananan yara, yana yi wa malamai tsaurin ido, kullum sai an zane shi.

Amsa: Hajiya, yaron da ya riƙe kuɗin guminsa ya sayo wa gida dawa, yau kuma a kwantar da shi gaban sa'annin ƙannensa, kunya ce ke cin sa, kuma bulalar kullum za ta mayar da shi gona ne kafin ƙarshen shekara. Ki tura mahaifinsa ko kawunsa su gana da mudir a keɓe, su nemi a yi masa gwaji ko zai iya tsallake aji, su kuma tambaya ko akwai ajin gaggawa na waɗanda shekaru suka wuce musu. Idan hakan bai samu ba, a damƙa masa wani aiki, kamar tsara layi a taburi ko riƙe makullin aji, a kuma yi yarjejeniya cewa idan ya yi laifi a ofis za a tsawata masa, a aiko muku da takarda gida.