Masu ɗibar ƙasa a unguwarmu, me bincikensu ya tsinana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ce a Aboabo, Kumasi, kuma gidanmu ba shi da nisa da inda 'yan kondem ke ƙona wayoyi don cire tagulla. Lokaci-lokaci sai mu ga ɗalibai da safar hannu sun zo sun ɗebi ƙasa a leda, daga nan ba ma sake jin ɗuriyarsu. Wai me suke nema? Kuma akwai wanda irin wannan bincike ya taɓa amfana?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙarafa masu guba suke nema: dalma, da kadmiyam, da asenik, da zaiba wadda 'yan galamsey, masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ke kama zinare da ita. Matsalarsu ita ce ba sa ruɓewa. Hayaƙin wayar zai baje kafin magariba, amma dalmar da ta sauka tana nan a saman ƙasa shekara da shekaru, daidai inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. A ɗakin gwaji sai a shanya ƙasar, a tankaɗe, a narkar da ita da asid, na'ura ta faɗi miligiram nawa ke cikin kilo guda. Dole kuma a gwada ta da ƙasar wurin da ba a taɓa ƙona komai ba, don wani lokacin dutsen yankin ne da kansa ke ɗauke da gubar, kamar asenik ɗin da ke tare da zinaren garin Obuasi.

Amfani kam an gani, sai dai yana ɗaukar lokaci. Wani Ba'amurke, Clair Patterson, shekarun duniya yake neman aunawa ta hanyar dalmar da ke cikin duwatsu, kuma a 1956 ya ce biliyan 4.55 ne. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne duk kayan da ya taɓa sai ya tarar da dalmar da ba ta cikin lissafinsa. Ya bi sawunta a ruwan teku da ƙanƙarar Greenland, har ta kai shi ga man fetur, wanda ake zuba wa dalma tun shekarun 1920. Ya buga sakamakon a 1965, masana'antar mai ta juya masa baya. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su daina wannan fetur ba sai 2006, Aljeriya kuwa, ta ƙarshe a duniya, sai 2021. Jikokinki ba sa shaƙar abin da muka shaƙa muna yara a tashar mota, kuma aikin mutumin nan na cikin dalili.

Zamfara ta fi kusa da mu. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida. Masana duwatsu sun gano cewa dalmar dutsen ta rikiɗe zuwa nau'in da ke saurin narkewa a cikin ciki, shi ya sa ƙurar ta yi wannan ɓarna. Awon ƙasa gida-gida ne ya nuna inda za a kankare a zuba sabuwa, domin ba amfanin a yi wa yaro magani a mai da shi cikin ƙurar da ta kwantar da shi.

Agbogbloshie kuma, kasuwar 'yan kondem da ke Accra, ta nuna inda bincike ke tsayawa. Tun 2008 ake awon ƙasarta, a 2013 ta shiga jerin wurare goma mafi guba a duniya, a Yulin 2021 aka rushe kasuwar. Rushe rumfa ba ya cire dalma daga ƙasa, masu ƙonawa kuma suka watsu wasu wuraren.

A nan ina ganin laifinmu, mu masu binciken. Takarda ta fita da Turanci, mutum ya samu digiri, mai gidan da aka ɗebi ƙasarsa bai san ko ya bar ɗansa ya yi wasa a ƙofar gida ba. In sun dawo, ki tambaye su daga wace jami'a suke, ki kuma nemi su kawo sakamakon ta hannun sarkin zango ko liman, a karanta wa jama'a da Hausa.

Kafin nan, a riƙa yayyafa ruwa kafin shara, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci, masu aikin kondem kuma kada su shiga ɗaki da kayan aikinsu. Tafasa ruwa ba ya cire dalma. A kula da kwallin dutse da ake sa wa jarirai, domin yawancinsa dalma ne. Yaron da ke ɗauke da ita sau da yawa ba ya nuna alama, gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa, don haka ki nemi likita ya rubuta muku shi.